Gudun da Ƙirjina Ya Kasa

Daren Talata, 'Yankuzo

Yau muna gona muka ji ƙarar babura daga daji, muka ɗauka 'yan bindiga ne, kowa ya ranta a na kare. Ban kai rafi ba ƙirjina ya toshe, na durƙushe ina tari. Kawu Sani, da furfurarsa, shi ya dawo ya ja ni. Ashe 'yan kasuwa ne.

Kawu Sani ne ya fara kama ni da sigari ina saurayi, ya ce, "Ɗana, wata rana za ka nemi numfashin nan." Yana juya baya na sake kunnawa.

Yau ko tuna mini maganar bai yi ba.

Ga wata ƙarar can nesa. In ba 'yan kasuwa ba ne fa?