Inda Ruwa Ya Maido Sani

Zuwa ga marigayi Farfesa Umaru, abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai, da masu leƙen wasiƙar nan ta bayan kafaɗata, cewa randar gidana ta tsage. Ruwa ya bi tsakar gida, ni kuwa na tsinci kaina a tsugune ina jefa masa ɓawon albasa don in ga inda zai kai shi. Kai ka lalata ni.

Ka tuna lokacin da Jega take ƙarƙashin Sakkwato? Kana ƙaramin malamin injiniya a jami'a, duk hutun damina sai ka dawo gida, ka sayi buhun ɓawon albasa a Aliero, ka zuba a gulbi, ka bi gaɓa kana kallo. Ilimin tafiyar ruwa kake nazari, in ji ka. Ni na raɗa maka Shehun Malamin Kwata. Na karanta littattafai fiye da kai, ban ga wanda ya yi suna da bin shara ba.

A wata damina kwalekwale ya kife da ƙanena Sani a mashigin Gehuru. Daga Maiyama, inda nake koyarwa, aka ɗauko ni. Inna ta daina ci. Ba ta roƙi ya rayu ba. Gawarsa take so, a yi masa wanka da salla, ta san kabarinsa.

Masunta suka shirya bin ruwa ƙasa. Kai ka nuna wani lungu a sama da mashigin, inda ruwa yake kwance baƙi ƙirin ƙarƙashin itatuwa, wurin da mata ba sa wanki don an ce da aljanu a ciki. Ka ce, "Ku tai, nan ni ka jiran shi." Na daka maka tsawa a gaban jama'a, na ce ruwa ba ya komawa baya, ko ɗan aji ɗaya ya sani.

Na bi masunta, muka dawo hannu wofi, rana tsaka. Kana zaune inda muka bar ka, ƙafafunka a ruwa. Babu iska, ko tsuntsu bai yi kuka ba. Ɓawon albasarka na tun farkon damina yana ta zagaye a lungun, a jere, kamar masu ɗawafi. A tsakiyarsu ga Sani a kife, yana tahowa a hankali, yana hawa sama alhali gulbi na gangarawa. Ya zagaya, ya sake zagayawa, ya tsaya a gwiwarka.

Inna ta samu kabarin da za ta riƙa ziyarta. Kai kuma mutane suka riƙa janye 'ya'yansu idan ka wuce. Ka yi ta bayanin yadda kwanar gulbi ke juya ruwa, ka rubuta shi, har ya kai ka kujerar farfesa. Na karanta, na gane lissafin. Har yau bai bayyana mini abin da ya sa ya tsaya a gwiwarka ba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sanyaya shi, Ya haɗa ka da Sani a Aljanna.

Naka,
Bala, wanda ya yi maka tsawa a gaɓa. Ba ni ke da gaskiya ba.