Onarabul ɗin da Ya Sayi "A'a" a Kan Karatunmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ɗa'a na Majalisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, ina neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni ɗalibar sakandare ce, ko a aji ba na buɗe baki sai malama ta kira sunana. Amma na ji kwamitinka yana duba dokar da za ta hana 'yan majalisa shiga kasuwar hasashe, inda ake sa kuɗi a kan abin da zai faru, na kuma ji wasu cikinku suna cewa ba su ga wanda abin ya cuta ba. To, ranka ya daɗe, ga ni.

Sunana Rumasa'u. Ina zaune a Ainu Shams, nan Alƙahira, a hannun yayana Kabiru da matarsa. Yaya yana karatu ne da tallafin gwamnati, kuma iƙamata, wato takardar izinin zama, a jikin tasa take rataye. In ba a biya jami'a ba, ba za ta ba shi shaidar karatu ba. In babu shaida babu iƙama, sai mu tattara mu koma gida kafin in zauna jarrabawar gama sakandare. Kuɗin kuwa yana cikin wani ƙudiri da ya daɗe a gaban majalisarku.

Na ɗaya, abin da idona ya gani. Kafin azumin da ya wuce, wani Onarabul, wanda shi ne shugaban kwamitin da ke riƙe da ƙudirin, ya zo Alƙahira. Ɗalibai suka yi karo-karo suka kama masa zaure a unguwar Dokki. Ni aka ɗora wa karanta jawabin maraba, na karanta. Da ya tashi magana, ya rantse mana ƙudiri zai wuce kafin hutun majalisa, aka yi kabbara. Daga nan ya shiga yi mana nasiha: wai matasan yanzu sun cika jiran gwamnati, alhali arziki yana cikin waya. Ya zaro tasa, ya buɗe wani shafi inda ake ɗora tambaya, mutum ya sa kuɗi a kan "eh" ko "a'a", wanda ya dace ya kwashe. Ya miƙo mini ya ce, "Yarinya, ke da kika iya karatu, karanta musu su ga yadda ake yi."

Na karanta, domin an koya mini bin umarnin manya. Tambayar da ke sama ita ce ko ƙudirinmu zai wuce kafin hutu. A ƙarƙashinta an rubuta abin da mai wayar ya saya: "A'a." Shi kuwa ko gezau. Dariya ya yi, ya ce kasuwa daban, aiki daban, har ya ba mu shawara mu ma mu sayi "a'a", don in tallafi bai zo ba mu rage asara. Majalisa ta tafi hutu, ƙudiri yana nan inda yake.

Na biyu. A makarantarmu akwai ɗakin da ake tara takardun jarrabawa ana duba su, Misrawa suna ce masa kontrol. Duk malamar da ke da 'ya ko 'yar ɗan'uwa cikin masu jarrabawa, ita da kanta take faɗa, a cire ta daga ɗakin. Malamarmu ta lissafi ta yi haka bana saboda 'yar ƙanwarta. Ba wanda ya ce mata ɓarauniya, ita ma ba ta ce an tauye mata 'yanci ba. Ta ce tamam, wato shi ke nan, ta ɗauki jakarta. Albashinta bai kai kuɗin turaren Onarabul ba. Ashe abin da malamar sakandare ta gane ba tare da zaman kwamiti ba, shi ne ya gagari manyan ƙasa?

Na uku, kalmar "hasashe". Mai hasashe shi ne wanda bai san abin da gobe za ta haifar ba. Wanda takarda take cikin aljihun teburinsa, shi zai fito da ita ko ya danne ta, wane hasashe ya yi? Ai kura ce aka ba ajiyar nama, ta kuma je ta sa kuɗi cewa naman ba zai kwana ba. A darasin addini sunan wannan abu caca, kuma ko 'yan caca na bakin tashar jirgin ƙasa ba sa yarda da wanda ya leƙa kati.

Saboda haka ina roƙo. A zartar da dokar, kada a bar mata ƙofar baya ta mata ko ɗa ko yaron gida. A ɗauke ƙudirinmu daga hannun wanda yake cin riba da kwanciyarsa. Sunansa kuwa, Yaya ya hana ni sa shi a nan, amma zaure guda ya ji, kuma in kwamiti ya tambaya zan faɗa, ko da muryata za ta yi rawa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon tsayawa kan gaskiya, Ya tsare 'ya'yanka daga ranar da wani zai sa kuɗi a kan faɗuwarsu. Iƙamarmu za ta ƙare kafin jarrabawa. In ka yarje mini, zan so in sake rubuto maka a lokacin, ka ga daga inda wasiƙar ta fito, Ainu Shams ko gida.

Wassalam.

'Yarka,
Rumasa'u