Takardu Talatin, Hannu Ɗaya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, Mama ma tana lafiya. Na rubuto ne saboda in na kira waya za ka ce ba ka ji sosai.

Ka san ofishinmu ke tattara takardun jin ra'ayin jama'a kan ƙarin harajin gidaje da ƙaramar hukuma ke son yi. Jiya na layinmu suka iso teburina. Baba, takardu talatin, duka rubutunka! Kuma kowacce magana ɗaya: "Ba mu amince ba, domin lokacin bai dace ba." Har ta Makaniki, mutumin da bai taɓa cewa "domin" ba tunda aka haife shi.

A ƙa'idar ofis, takardun da suka zo da hannu ɗaya da kalmomi iri ɗaya, guda ɗaya ake ƙirga su, a kuma sa sunan marubucin cikin masu maguɗi. Shugabana bai gani ba tukuna. Ranar Alhamis ake rufewa. Don Allah, me ya faru?

Taka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai dai wasiƙarki ta tayar min da ciwon kai.

Maguɗi? Ni? Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, ko maki ɗaya ban taɓa ƙara wa ɗan kowa ba. Mutane ne suka taru a ƙofar gida, "Malam, cika mana." Mai Kanti ya yi ta surutun firijinsa, Tela ta ɗauko tarihin kwata, Makaniki kuwa abin da ya faɗa ba ya rubutuwa. Wannan shirmen zan aika wa hukuma? Na tace musu, na fitar da jimla mai tsabta. Ai duk wanda aka ce ya ƙara kuɗi, a'a zai ce. Ni kaina fanshona ba ya ganin ƙarshen wata.

Ki miƙa su haka. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa, kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba jarrabawa ba ce, tambayarsu aka yi. Tsakani da Allah, akwai wanda ka bari ya kai ƙarshen maganarsa?

Ga sababbin takardu nan na bayar ta hannun direban bas. An yarda ka rubuta wa mutum, in dai maganarsa ce kuma ya dangwala yatsa. Tsofaffin suna aljihun teburina. Ranar Alhamis zan miƙa duk waɗanda ke hannuna, sababbi ko tsofaffi. Ba zan ɓoye komai ba, ko don kai. Wallahi rubuta wannan layin ya yi min nauyi.

Ka huta lafiya.
Auta

Auta,

Bayan sallama. Na yi fushi da ke kwana ɗaya cur, sannan na ɗauki sanda na bi layi gida-gida.

Sha bakwai sun ce a'a. Mai Kanti ya ce a fara nuna masa inda harajin bara ya shiga. Makaniki ya maimaita zaginsa, na rubuta ina istigfari. Amma sha uku, Auta, sha uku sun ce a ƙara! Tela ta ce ko nawa ne za ta biya in za a gyara kwatar nan, don sau biyu ruwa na lalata mata yadin mutane. Ta ce ta faɗa min tun ranar farko. Gaskiya ne, ta faɗa, a lokacin ina ta neman murfin birona.

Ta ƙarshe ta mahaifiyarki ce. Na zauna zan cika, sai ta ce, "Malam, ni ba za a tambaye ni ba?" Ga abin da ta ce: "A ƙara. Duk ranar da aka yi ruwa ni ke kwashe shi daga kicin da bokiti, bayana ya gaji. Maigidan yana kan kujera ya ɗage ƙafafu yana karatun jarida."

Na ce me ya hana ta faɗa min tuntuni? Ta dube ni kawai ta miƙo yatsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gaban kowane sufeton makaranta. Ban canza mata komai ba.

Tawa tana nan a kan a'a, fanshon bai ƙaru ba. Ki gaida abokan aikinki.

Mahaifinki

Baba,

Gaisuwa da ban girma. An karɓa, talatin cif. Majalisa za ta zauna makon gobe, ban san abin da za su yanke ba.

Shugabana ya karanta ta Mama sau biyu, ya ce wane marar tausayi ne wannan mai jaridar. Na ce masa shi ne ya rubuta ta da hannunsa, kuma babana ne.

Ka gaida min ita sosai.

'Yarka,
Auta