Akwati Na Huɗu Yana Ƙarƙashin Gadona

Malama mai wannan fili,

Don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutun, layin takardar ma sai na matsa kusa da taga nake ganinsa. Shekaruna saba'in da tara. Mai ɗakina ta rasu shekara shida ke nan, 'ya'yana biyu suna nesa, waya ce kawai tsakaninmu.

Na yi aikin ajiye fayil a ofis shekara talatin da ɗaya. A makarantarmu ta dā, malami sai ya duba ko ka ja layin gefe da rula kafin ya duba amsarka. Na faɗi wannan ne don ki san ni ba mutum ba ne mai hargitsi.

Tun kafin in yi ritaya muka kafa ƙungiyar masu ba da jini kyauta a unguwarmu, mu bakwai. Shida sun riga mu gidan gaskiya. Ni ne sakatare tun ranar farko. Kowane mamba yana da kati: sunansa, rukunin jininsa, da ranar da ya bayar na ƙarshe. Katunan suna cikin kwalayen takalmi huɗu da nake kira akwatuna, a kan kantar ɗakina. Idan aka kwantar da wani ana neman jini, wurina ake zuwa. Kujerar da ke bakin gadona ba ta taɓa yin sanyi ba.

Ban jera katunan bisa haruffa ba. Kowane kati na sa shi ne a bayan katin wanda mai shi ba zai iya ce wa a'a ba. Direban babbar mota ba ya ɗaga wayar kowa sai ta surukarsa. Malamar makaranta tana tsoron allura, sai an haɗa ta da ƙawarta. Mai aski da mai wanki ba sa ga maciji da juna, in ka tura su rana ɗaya ka yi asarar duka biyun. Wannan ba tsari ba ne? Ni dai a ganina tsari ne.

Bara na kwanta asibiti kwana tara, ban san inda kaina yake ba. A cikin kwanakin matar wani mai gyaran famfo ta haihu, jini ya ɓalle mata. Shugabanmu, wani tela mai kirki, ya zo ya zazzage katunan a kan tabarma, shi da mutum uku. Awa huɗu suna lalube kafin su dace da wanda ya yarda ya je. Allah ya sa da sauran kwananta. Mijinta yana gaishe ni har yanzu, amma ba ya tsayawa.

Daga nan aka kira 'yar ƙanena. Sana'arta rubuta manhajar kwamfuta, har tana da ma'aikata a ƙarƙashinta. Ta bi mambobi tana tambayar yadda aikin ke tafiya, kowa ya ce mata a tambayi Baba Sakatare. Sai ta yi manhajar a haka: kowace buƙata sai ta biyo ta wayata na amince. Ni da ba na ganin rubutun wayar! Sau biyu ina danna abin da ba shi ba. Da ta zo, dariya ta yi, ta ce laifinta ne, wai manhaja takan ɗauko kamannin mutanen da aka yi wa ita kamar yadda ɗa ke ɗauko hancin ubansa. Ta ɗauki biro ta zana mini ƙungiyar a bayan kalanda. Kibiyoyi ta ko'ina, duk sun nufi ɗan da'ira ɗaya a tsakiya. Ta ce Baffa, wannan kai ne, ranar da da'irar nan ta yi zazzaɓi komai ya tsaya.

Yanzu wai sai an gyara ƙungiyar kafin a gyara manhajar. A raba aikin uku: mai karɓar buƙata, mai riƙe rajista, mai kiran mutane, kowa da mataimaki, kowa ya yi nasa ya miƙa wa na gaba. To a nan na rikice. Wani lokaci ta ce ba mu da tsari, wani lokaci ta ce tsarin ne ya yi kama da ni da yawa. Wanne ne? In babu tsari, me na yi shekara arba'in ina yi? In akwai, me ya sa za a rushe? Na duba zanenta na biyu, na sabon tsarin, sau da yawa, har da tabarau biyu a haɗe, ban ga da'irata ba.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ba ta akwati uku. Na huɗu, mai katunan mutum ashirin da uku masu jinin da ba a cika samu ba, na tura shi ƙarƙashin gado, na ce ya lalace lokacin da rufin ɗaki ya yi yoyo. Ni da ban taɓa ɓatar da fayil ɗaya ba! Ta dai kalli gadon ta ce in huta lafiya. Tun da akwatunan nan uku suka fita, mutum biyu ne suka ƙwanƙwasa mini ƙofa a mako guda, ɗayansu mai duba mitar wuta ne.

Malama, ni ne matsalar? Ko yarinyar nan ce ba ta san mutane ba? In na ba da na huɗun, wa kuma zai zo?

Tsohon Sakatare

Baba,

Barka da ƙoƙari, kuma rubutunka ya karantu sarai. Bari in fara da abin da ba zai jira ba: akwatin nan ya fito yau. Ka kira 'yarka ka ce ya samu. Ta riga ta san inda yake, kunyarka ce ta sa ta kalli gado ta ce ka huta lafiya. Mutum ashirin da ukun nan su ne waɗanda in an neme su ba a da lokacin lalube, kuma kai ka fi kowa sanin abin da awa huɗu take nufi.

Tambayarka ta tsari kuwa, ku duka biyun kuna da gaskiya. Kana da tsari, mai kyau ma. Sanin wa ke jin nauyin wa, shi ya riƙe ƙungiyar shekara arba'in, ba katunan ba. Aibinsa ɗaya: a kanka yake zaune, babu kwafi. A ofishinku na dā, da wani ya jera fayil yadda shi kaɗai zai iya samowa, me za ka ce masa ranar da ya tafi hutu? Abin da 'yarka take faɗa ke nan. Ba ta ce kai ne matsalar ba, ta ce aikin ya fi ƙarfin a rataya shi a wuyan mutum ɗaya, ko da mutumin yana da shekara talatin.

Ita ma akwai inda ta yi saura. Ta kwashe sunaye da rukunin jini, amma daga wasiƙarka ban ga alamar ta san dalilin da katin direba yake bayan na surukarsa ba. In ba ta sani ba, sabon mai kira zai yi ta buga waya ana ƙin ɗagawa. Saboda haka kada ka aika akwatin. Ka ce ta zo da mai kiran da mataimakinsa, su zauna, kana zaro kati ɗaya ɗaya kana bayani, ita kuma ta buɗe wa wannan ilimin gurbi a manhajarta. Ku bi har da akwatuna ukun farko. Zai ci makonni, kuma ba na jin hakan zai dame ka.

Sannan ka nemi da'irarka da bakinka. Ƙungiyar tana buƙatar wanda sabon mamba zai fara zuwa gaisarwa, wanda zai yi wa mai bayarwa godiya, wanda za a kai wa mai aski da mai wanki in sun tashi. Wannan aiki ne, a rubuta shi a zanen, a sa maka mataimaki kamar kowa.

Abu na ƙarshe shi ne mai wuyar. Kaɗaici daban, tsarin ƙungiya daban, kada ka yi maganin ɗaya da ɗayan. Ba zan yi maka alkawarin kujerar za ta koma yadda take ba, wasu don jini kawai suke zuwa. Ka faɗa wa 'yarka da 'ya'yanka abin da ka faɗa mini, da kalmominka na ƙarshen nan. Waɗanda za su zo bayan akwatin ya tafi, don kai suka zo, kuma ka cancanci sanin su wane ne.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Kada ka sunkuya da kanka, ka bari ita ta jawo akwatin.