Fannin da Yaya Ya Zaɓa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Bayan haka, an ce mu 'yan aji uku a sashen gudanar da kasuwanci kowa ya zaɓi fanninsa: akanta, talla, kula da ma'aikata, ko harkar sito da jigilar kaya. Ni dai raina na ga sito, tunda a cikin kwalayen siton da kake aiki na girma. Amma kai ne uwa da uba, abin da ka ce shi za a yi. Don Allah kada ka yi wata guda kana nazari kamar lokacin sayen fanka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki. Na bi fannonin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba, duk da karatuna bai wuce sakandare ba. Akanta: a ofishinmu na'ura ta cinye aikin mutum uku. Talla: ba ki iya ƙarya ba, idonki ke tona ki. Sito kuwa, abin da na tara a cikinsa ciwon baya ne da tari.

A masana'antar sabulun nan tamu na ga an sallami direbobi, da masu gadi, har injiniya. Ban taɓa ganin an sallami mai sallamar mutane ba. Ki ɗauki kula da ma'aikata. Na rubuta wannan na soke, na sake rubutawa. Mai yiwuwa kuskure ne, amma iya hangena ke nan. Allah ya yi miki jagora.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na kasa zuwa gida, shi ya sa na rubuto. Ka tuna murnar da muka yi da aka turo ni masana'antarku horon aiki? Wallahi ban san za a miƙa sito ga wani kamfani ba. Shugabar ma'aikata ce ta ce in zo in koyi yadda ake rufe sashe: a ajiye ruwa a tebur, a sa kujerar wanda za a sallama kusa da ƙofa, kada a ce masa yi haƙuri. Ni na jera kujerun, Yaya. Ni na zuba ruwan. Sai ga shi ka shigo, ka cire hula.

Da ka fita ta ce ina da dakiya, za ta riƙe ni in na gama. A makaranta kuma an ce zan iya komawa fannin sito, amma sai na maimaita shekara. Ba na son wannan aikin. Don Allah ka ce in canza.

Taka,
Auta

*

Auta,

Amin, wa alaikumus salam. Kada ki canza. Wane siton za ki koma? Gida kuma yana bukatar ko mutum ɗaya mai albashi. Idan ta ba ki aikin, ki karɓa. Antinki ba ta san kina ɗakin ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Na ji jibi masu dako za a kira. Tsoho mai amalanke ba ya ji da kunnen hagu. Ki juya kujerarsa yadda na dama zai fuskanci tebur, kada sai an faɗa masa sau biyu.

Ki huta lafiya.
Yayanki