Kwalabe Shida na Mai Jego

Safana, 3 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Maigida Armaya'u,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar suna? Ya Inna da mutanen gida, ya lambu? Mu dai lafiya lau, sai ruwan zafin da Gwaggo ke antaya mini safe da yamma kamar ta kama ɓarawo. Yarinyar nan kuma ba ta da aiki sai ci da barci.

Tunda an rufe layukan waya, na ba Surajo direba wannan takarda. Maganar kwalabena shida ce da na bari a ɗaki. Ruwan da kake gani kore-kore, amiba ce a ciki, wata halitta da ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu. Kakanninta sun taɓa haɗiye wata ƙwayar bakteriya mai sarrafa abinci da haske, maimakon su narkar da ita sai suka ajiye ta tana yi musu girki. Zaman nasu sabo ne idan aka kwatanta da na tsirrai, shi ya sa nake so in gano waɗanne ƙwayoyin gado ne ke farkawa a jikinta idan haske ya ƙaru. Uku na jikin taga, bayan labule, su ne na haske, uku na ƙarƙashin tebur su ne na inuwa. Ka bar kowacce inda take.

Malamata za ta aiko daga Katsina a ɗauka ran ashirin ga wata. In suka lalace, digirina ya ƙara shekara guda.

Taka,
Mahfuza

Batsari, 9 ga Oktoba

Gimbiya mai jego,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, a miƙa mini ita wurin Gwaggo da Baffa. Na karanta darasinki sau biyu, na biyun da taimakon shayi.

Albishirinki! Na yi wa dabbobinki gata. Na duba na ƙarƙashin tebur na ga sun yi yaushi kamar irin tattasai da aka manta a inuwar ɗorawa, 'yan'uwansu na can suna shan haske su kaɗai. Na ce wannan ba adalci ba ne. Shekara ashirin ina lambu, ban taɓa ganin koren abu da ya ƙi rana ba. Sai na fitar da su ukun na jera kan buhun shanyar gyaɗa, daga hantsi zuwa la'asar, kwana uku. Yanzu ruwan ya yi fari tas, ko sha mutum ya yi. Inna ma ta yaba.

Ba sai kin gode ba.

Mijinki,
Armaya'u

Safana, 11 ga Oktoba

Malam Armaya'u,

Sallama. Kowa lafiya.

Fari tas ɗin nan mutuwa ce. Ka kashe su. Amibar nan haske kaɗan take iya ɗauka, rana mai ƙarfi ƙona ta take yi, kuma sai ta yi mako guda kafin ɗaya ta zama biyu. Wata bakwai ina renon su da ciki a gabana. Yanzu da me zan gwada na haske, tunda babu na inuwa?

Na yi kuka har Gwaggo ta zaci wani ne ya rasu. Na ɗauki mayafi zan taho, ta zauna a bakin ƙofa ta ce mai jego ba ta tsallake zaure kafin arba'in, ko da digirin na zinariya ne. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Kada ka taɓa sauran ukun, ko da ido.

Mahfuza

Batsari, 17 ga Oktoba

Ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum, idan har ana amsa sallamar mai laifi. Na yi kuskure, kuma na ji kunya. Inna ta janye yabonta, ta ce da ma ita tun farko ba ta yarda da ni ba.

Sai dai na sake karya dokarki, ki ji kafin ki yaga takardar. Idan kunyar shuka ɗaya ta mutu a lambu, daga mai rai ake cire dashe. Na dafa kwalaben nan uku a tukunyarki mai huci, na zuba ruwan abincinsu na cikin kabad, na ɗibi kaɗan-kaɗan daga masu rai na zuba a ciki, duk a kusa da wutar risho, yadda na sha ganin kina yi ina miki dariya. Sun koma ƙarƙashin tebur.

Ran Alhamis kuma na sa babbar rigata ta salla na tafi Katsina wurin Malamarki. Na ce, “Hajiya, ni ne mijin da ya shanya bincike.” Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce, “To, Malam, na ƙara mako uku, amma in ka kuma, kai za ka rubuta jarrabawar.” Ta ce a buɗe labule da asuba a rufe da magariba, kada a yi fashi ko sau ɗaya.

Saboda haka ba zan samu zuwa Safana ba sai an gama. Rabona da ɗiyata tun ranar suna, abin yana cina, amma ni na ja.

Mai neman afuwa,
Armaya'u

Safana, 19 ga Nuwamba

Maigida,

Wa'alaikumus salam, an amsa. Saƙon Malama ya iso: duka shidan na da rai, an auna, kuma bambancin na haske da na inuwa ya fito sarai. Zan kare aikina a Janairu.

An sallame ka daga gadi. Ka biyo Surajo gobe ka zo ka ga ɗiyarka, ta fara murmushi. Kunnuwanka ta ɗauko, Allah Ya ba ta haƙuri.

Taka har kullum,
Mahfuza