Baƙon da Ya Zo Shinshina Gidanmu

Wilmington, Los Angeles
4 ga Maris

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar nan da ke hana ki zuwa gona? Yaya Kawu Melquiades da awakinsa? Mijina Anselmo yana gaishe ki.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ce in turo miki jikarki Nayeli ta sha iskar duwatsun Oaxaca. Mama, ba zan iya ba. Ita a nan aka haife ta, tana da fasfo. Ni kuwa kin san ba ni da takardar zama, in na tsallaka iyaka ba dawowa. In na sa ta a jirgi, Allah kaɗai ya san shekarar da zan sake ganin fuskarta. Shekararta tara kacal.

Amma ba zan ɓoye miki ba, sau huɗu ta yi haɓo a makon nan, numfashinta kuma sai da ƙara yake fita. Rijiyar man fetur ɗin nan ce ta bayan katangarmu. Kamfanin man ya yi wa katangar koren fenti, ya dasa furanni, sai ka ce furanni za su tare wari. Na kasa zama wuri ɗaya. In na rufe taga zafi, in na buɗe warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Mu matan layin mun haɗa kai. Doña Fermina, maƙwabciyata mai sayar da tamal, alalen masarar nan, ita ta binciko mana ƙa'idar: sai gida shida sun buga wa ofishin kula da iska waya a rana ɗaya kafin a turo jami'i, kuma dole shi da kansa ya ji warin a cikin gidajen. Kukanmu ba shaida ba ne, hancinsa ne shaida. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Herminia

19 ga Maris

Mamana,

Ina gaishe ki, ina fatan maganin gwiwar ya karɓe ki. Yau ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Mun buga wayar, aka ce jami'in na tafe bayan awa biyu. To, me kika koya mini in yi idan baƙo zai zo? Na ɗauki tsintsiya. Na goge ɗaki da sabulun nan mai ƙamshin lemo, na cire zanin gadon Nayeli mai jini na tura ƙarƙashin gado, na kunna turaren wuta gaban hoton Maryamu. Ashe duk gida shidan abin da ake yi ke nan. Doña Fermina har da soya barkono da albasa, wai kada mutumin gwamnati ya tafi da yunwa.

Bawan Allah ya shiga gida-gida yana ɗaga hanci. A ƙarshe ya ce, "Gaskiya, iyayena, ni ban ji komai ba sai abin da ya tayar mini da yunwa." Ya ci tamal biyu, ya rubuta babu wari, ya tafi.

Doña Fermina ta zauna a dakalina ta riƙe kai. Ta ce, "Herminia, kamfani bai kayar da mu ba, tsintsiya ce ta kayar da mu. Jakai shida a layi ɗaya, ni ce babbarsu!"

Mun yi alkawari: karo na gaba ba shara, ba girki, ba turare, tagogi a buɗe tun safe. Kada ki sake yi mini maganar jirgi, don Allah.

Taki,
Herminia

11 ga Afrilu

Mama,

Ina gaishe ki da Kawu. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Talata warin ya taso tun da hantsi. Muka buga waya, muka buɗe tagogi. Doña Fermina ta leƙo ta ce, "'Yar nan, kai yarinyar coci ta zauna wurin Fada har mutumin ya tafi." Na ce to, amma ban kai ta ba. Anselmo bai san wannan ba, ke kaɗai nake gaya wa. So nake jami'in ya gan ta a kwance, ya ga zanin da jinin. Na ce a raina awa biyu ba za su yi mata komai ba.

Awa biyar ya yi bai zo ba. Ina ta safa da marwa tsakanin ƙofa da gadonta, ina kallon taga, hannuna na kaiwa gare ta ina janyewa. Da ya iso, tun daga bakin ƙofa ya toshe hanci, idonsa ya kawo ruwa. Ya rubuta duk abin da muke so. Yana cikin rubutun Nayeli ta kama rigata, bakinta a buɗe, iska ta ƙi shiga. A motarsa muka kai ta asibiti. Kwananta uku.

Matan layin suna ta murna, an ba kamfanin takardar laifi, za a saurari ƙararmu a watan Oktoba. Rijiyar kuwa tana nan tana aiki, ina jin ƙugin injinta yanzu haka. Ba zan bar wannan faɗan ba. Amma uwar da ta bar taga a buɗe awa biyar tana kallo, ban yarda ta ci gaba da riƙon yarinya a gidan nan ba.

Na saya mata tikitin jirgi, ranar Asabar da ƙarfe huɗu za ta sauka, Kawu ya je ya tare ta. Maganin numfashin da take shaƙa yana aljihun gaba na jakarta. Ba ta cin yaji sosai, kada ki yi mata faɗa. In ta tambaye ki yaushe zan zo, ki gaya mata gaskiya. Ni na ce mata wata mai zuwa.

Ki yafe mini.

'Yarki,
Herminia